Tirela, babbar mota, bas ko motar sulke: da wacce za a kwashi sojoji?

Duk rundunar da ke da jama'a masu yawa tana fama da wata matsala da ba a cika maganarta ba, wato yadda za a kwashe su daga nan a kai su can, su isa cikakku kuma da ƙarfinsu. A ɗauki bataliya mai soja 600 da ake so ta isa filin atisaye kafin rana ta fito. Jami'in sufuri yana da hanyoyi huɗu a gabansa. Ko ya jera manyan motocin soja masu benci da tamfol, ko ya kawo bas-bas, ko ya fito da motocin sulke, ko kuma ya ɗaura wa kan tirela dogon bodin da aka ƙera don ɗaukar mutane. Ta ƙarshen ce ta fi burge mai riƙe da alƙalamin kasafi, ita ce kuma ta fi bukatar a tsaya a yi mata kallon tsanaki, shi ya sa zan fi daɗewa a kanta.

Lissafin da ke sa a so tirela a fili yake. Babbar mota irin Ural-4320 ta Rasha, wadda ƙafafunta shida duka suna ja, an yi mata wurin zaman mutum 27 a baya, amma idan kowa ya hau da jakar baya da bindiga da rigar sulke, da ƙyar mutum 20 su zauna a sake. Soja 600 ke nan sai mota 30 da direba 30, ga mataimakansu, ga inji 30 da kowanne ke shan mai yana jiran makaniki. Bas mai kujera 50 zai rage adadin zuwa 12. Tirelar fasinja irin wadda sojojin Amurka suka daɗe suna jigilar kurata da ita a barikokin horo, wadda su da kansu suke yi wa laƙabi da motar shanu, takan kwashi kimanin mutum 80 a sawu ɗaya, wasu a zaune wasu a tsaye. Takwas sun gama aikin. In aka bar tazarar mita 50 tsakanin mota da mota, ayarin manyan motoci 30 zai miƙe fiye da kilomita ɗaya da rabi a kan hanya, na tirela takwas kuwa kimanin rabin kilomita ne kawai. Wanda ya san wahalar riƙe ayari kada ya tsinke a mararraba ya san darajar wannan.

Akwai wata ribar da ba ta fita a wannan lissafi. Bodin tirela ba shi da inji, ba shi da giya, ba shi da lagireto. Abin da zai lalace a jikinsa bai wuce taya da birki da fitila da ƙofa ba, don haka yakan daɗe ƙwarai yana aiki. Kan motar kuma ba a ɗaure yake da shi ba. Da safe ya ja mutane, ya ajiye bodin a kan ƙafafunsa na ƙarfe, ya tafi ya ja tankin ruwa ko kwantena, da yamma ya dawo ya kwaso su. Idan kan ya lalace a hanya a kawo wani, cikin 'yan mintuna an haɗa an wuce. Bas kuwa ranar da injinsa ya tsaya, kujerunsa 50 sun tsaya tare da shi.

Saboda haka ne tirelar mutane take bayyana duk lokacin da aka shiga ƙunci. A yaƙin duniya na biyu, da masana'antun Amurka suka koma ƙera kayan yaƙi bas ya yi wuya, da irin waɗannan tireloli aka riƙa kai ma'aikata masana'antun makamai. Kuba ma da tattalin arzikinta ya durƙushe bayan rugujewar Tarayyar Sobiyet, ta cika titunan Habana da dogayen tirelolin fasinja da ake kira raƙuma saboda tozo biyun da ke rufinsu, kowace tana ɗaukar mutum sama da 200, ba a janye su daga birnin ba sai a 2008. Misalin da masu son tirela suka fi kawowa shi ne na ranar 18 ga Disamba 1944, kwana biyu bayan Jamusawa sun ɓarke ta dajin Ardennes. An kwashi runduna ta 101 ta sojojin laiman Amurka, kimanin mutum 11,000, daga Mourmelon a Faransa zuwa Bastogne a Beljiyam, tafiyar kusan kilomita 170, a cikin motoci wajen 380, da yawansu buɗaɗɗun tireloli ne na kaya da aka cusa mutane a tsaye cikin sanyi. Sun riga Jamusawa isa garin, kuma wannan rigayen ne ya ba su damar riƙe shi.

To amma a duba yadda aka yi. Hanyar ta kwalta ce, tana hannun nasu, kuma an sauke mutanen a bayan garin suka ƙarasa bakin daga da ƙafa. Tirelar ba ta je inda ake harbi ba. Duk inda aka ga ta yi abin kirki haka za a tarar: hanya mai kyau, wadda aka sani, babu maƙiyi a kanta. Da zarar ɗaya cikin ukun nan ya kauce, abubuwan da suka sa aka so ta su ne suke juyawa su zama illarta.

Kafin a shiga illar, a san cewa tirela iri biyu ce. Akwai wadda gabanta yake hawa kan motar, ya zauna a kan wani faffaɗan farantin ƙarfe da ake shafe da giris, wani gajeren turken ƙarfe mai kaurin inci 2 ya shige cikin bakin farantin ya kulle. Akwai kuma wadda take tsaye a kan tayoyinta gaba da baya, ana jan ta da dogon hannu mai zobe da ake saƙalawa a ƙugiyar bayan mota. Ta biyun tana da gaɓa biyu da ke lanƙwasa, don haka idan direba ya kauce wa wani abu da sauri, kaɗawar da ke isa bayanta ta fi wadda motar kanta ta yi. Jamus ta Yamma ta hana ɗaukar fasinja a irin wannan tirela da bas ke ja tun 1960, sai bayan shekaru masu yawa aka dawo da ita da izini na musamman da birki irin na zamani, kamar waɗanda ke aiki a birnin Munich tun 2013. Idan dai har za a sa mutane a tirela, mai hawa kan motar ta fi natsuwa nesa ba kusa ba.

Ita ma ɗin tana da nata halin. Tayoyin bayanta ba sa bin sawun na gaba, sukan yanke kwana ta ciki, sai ka ga kan motar ya wuce lafiya amma bayan ya faɗa lambatu ko ya hau bakin kwalbati. In aka taka birki da ƙarfi a kan santsi tayoyin kan motar suka kulle, bodin yakan turo shi ya naɗe shi gefe. Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, mutane ba su da nauyi a wajen tirela. Soja da kayansa ya haura kilo 100, mutum 80 ke nan wajen tan 9, alhali bodin da aka ƙera don kaya an yi sifirinsa da birkinsa ne don tan 25 ko fiye. Sifirin da bai ji nauyi ba ba ya lanƙwasa, duk ramin da taya ta faɗa sai ya isa ƙashin bayan na ciki. Birkin da ya fi ƙarfin kayan da ke kansa kuma saurin kulle taya yake yi. Shi ya sa tirelar kaya da aka yanka mata taga aka jera benci ba ta zama tirelar fasinja ba, ko da an yi mata fenti mai kyau. Ta gaskiya tana zaune ne a kan balan-balan na iska maimakon sifirin ƙarfe, tana da na'urar da ke hana taya kullewa, kuma an sauko da daɓenta ƙasa bayan wuyan.

Saukar da daɓen ba don sauƙin hawa kaɗai ba ne. Abin da ke hana mota kifewa shi ne faɗin tsakanin tayoyinta idan aka gwada da tsayin inda nauyinta ya taru. Mutum a tsaye yana ɗaga wannan wuri sama, kuma ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Idan aka sha kwana, mutum 40 da ke tsaye za su tafi gefe ɗaya gaba ɗaya, kamar ruwa a tankar da ba ta cika ba, su ƙara wa ɓangaren da dama shi ne ke neman rinjaya. A ganina duk lissafin da ya kai tirela mutum 80 ta hanyar tsayar da rabinsu, lissafi ne na cikin bariki da tafiyar da ba ta wuce kilomita 30 ko 40 a awa ba. Idan za a hau babban titi, a ƙirga kujeru masu bel kawai, a nan kuwa za a ga tazarar da ke tsakaninta da bas ta ragu sosai.

Abin da ya fi damuna da tirela shi ne direban ba ya tare da mutanensa. Direban bas yana jin ihu, yana jin ƙauri, yana hango na baya ta madubi. Direban babbar mota ko ba komai za a buga masa rufin kai da tafin hannu ya tsaya. Direban tirela yana cikin wani ɗaki dabam, tsakaninsa da su akwai sarari da ƙarar inji da tiyo biyu na iska da wayar wuta. Idan birkin baya ya kama ya fara hayaƙi, idan zafi ya kayar da wani, idan ƙofa ta ɓalle, yana iya yin tafiyar kilomita biyar bai sani ba. Akwatin ƙarfe da aka cika da mutane masu rigar sulke da rana tsaka kuwa ba ya daɗewa kafin iskar ciki ta gagari shaƙa. Don haka tirelar da ba ta da waya tsakanin ciki da direba, da ƙararrawar da kowa zai iya dannawa, da sajan ɗin da aka ɗora wa alhakin cikinta, da ƙofofin da ke buɗuwa daga ciki ta gefe biyu da ta rufi, da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki mai cin gashin kanta, ba ta cancanci a sa ɗan kowa a ciki ba.

Sai maganar ƙasa. Tayoyin bodi ba sa ja, jan su ake yi. A kan kwalta wannan ba komai ba ne, amma a cikin yashi ko taɓo kowace taya ta zama anga. Doguwar mota mai daɓe a ƙasa takan zauna da cikinta a kan tudu, ba ta tsallake rafi, ba ta juyawa a siririyar hanya. A yi tunanin an tare ayari an buɗe masa wuta daga gaba. Direban babbar mota zai sa ribas ko ya faɗa daji, na bayansa su diro ta kowane gefe cikin daƙiƙu. Direban tirela ba shi da ribas ɗin kirki, ba shi da daji, mutum 80 kuma suna layin fita ta ƙofa biyu. Nakiya ɗaya ko roka ɗaya ta isa ta gama da rabin kamfanin soja. Yawan da aka yi murna da shi a ofis shi ne asarar da za a ƙirga a nan.

An taɓa gwada jan sojoji a baya har cikin wuta. A Anzio ta Italiya, cikin watan Mayu 1944, Amurkawa sun ƙera wasu ƙananan kwale-kwalen ƙarfe da soja ɗaya ke kwanciya a ciki, a jera 12 a ɗaura wa tankar yaƙi ta ja. Ramuka da nakiyoyi suka hana su zuwa ko'ina, na ciki ba sa ganin gabansu, aka watsar da dabarar. Wanda ya ga motar Bv 206 ta Suwidin zai iya cewa ai ga tirelar da ke shiga ko'ina, tunda ɗaki biyu ne a haɗe, na gaba mutum 6 na baya 11, tana ratsa ƙanƙara da fadama. Sai dai ɗakin bayanta ba jan sa ake yi ba, injin yana tura ƙarfi har cikin sarƙoƙinsa, shi ma tafiya yake da ƙafarsa.

Babbar motar soja mai benci ita ce jakin kowa, tun daga GMC ta yaƙin duniya na biyu da aka ƙera sama da 500,000, har M35 da ta gaje ta, har Ural da KamAZ da Unimog da MAN na yau. Tana shiga inda tirela da bas ba sa shiga, tana raba haɗari gida-gida, a naɗe benci ta koma ɗaukar harsashi ko abinci. Amma kada a ɗauka ta fi tsaro idan an yi haɗari, don ba ta fi ba. Mutanen baya suna zaune ne a kaikaice a kan katako, galibi babu bel, ƙarafan da ke riƙe da tamfol kuma ruwan sama aka yi su su tare, ba nauyin mota ba. Idan aka rufe gaba da gefe aka bar baya a buɗe, iska takan juyo da hayaƙin salansa cikin tamfol ɗin, sai a ga mutane suna gyangyaɗi da ciwon kai a ɗauka gajiya ce. A 2021 ofishin GAO mai bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin majalisar Amurka ya fitar da rahoto cewa daga 2010 zuwa 2019 sojojin ƙasa da na kundumbalar ruwa sun yi haɗura 3,753 da motocin soja ba a fagen yaƙi ba, mutum 123 suka rasu, kuma kusan biyu bisa uku na mutuwar kifewar mota ce sanadi. Rahoton ya ɗora mafi yawan laifin a kan sakacin direba da raunin sa ido da ƙarancin horo. A watan Yuni 2016 a barikin Fort Hood da ke Texas, ambaliya ta kifar da wata babbar mota a mashigar rafi, cikin mutum 12 da ke ciki 9 suka mutu. Ƙarfin motar shi ne yakan ruɗi mutane su tura ta inda bai kamata ba.

Ana iya gyara da yawa daga wannan ba tare da an sauya motar ba. A cire bencin gefe a kafa kujeru a tsakiya, baya da baya, kowa yana fuskantar waje da bel ɗinsa, a kewaye su da kejin ƙarfe mai ɗaukar nauyin mota in ta kife. Yawan waɗanda za ta ɗauka zai ragu, amma ga shi kowa yana ganin dajin da ke gefensa, bakin bindigarsa na waje. Rashawa kuma suna da wata dabara da nake ganin ta cancanci a fi saninta: sukan ɗora cikakken ɗakin bas, da kujeru da tagogi da na'urar ɗumama, a kan ƙashin Ural ko KamAZ mai ƙafa shida, da shi ake kai ma'aikatan haƙar mai wuraren aikinsu a Saberiya. Ga zaman bas, ga ƙafar motar daji. Rundunar da hanyoyinta marasa kyau ne amma babu mai harbin ta, wannan ya fi mata tirela ya fi mata benci.

Bas ba ya bukatar dogon bayani. A kan kwalta, lokacin zaman lafiya, tafiya mai nisa, babu abin da ya kama ƙafarsa. Kujerunsa suna fuskantar gaba, direba na ciki, kuma ana gwada ƙarfin rufinsa da ƙa'ida ta musamman, irin ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 66 da ke tabbatar da cewa in ya kife ba zai murƙushe na zaune ba. Soja yakan sauka daga bas bayan awa takwas ya iya aiki, wanda ya yi awa takwas a benci kuwa sai ya miƙe ƙafa tukuna. Rauninsa shi ne cikinsa a ƙasa yake, gilashi ne ya kewaye shi, lungun tsakiyarsa kuma ya yi wa mai jakar baya kaɗan.

Motar sulke kuwa ba don yawa ake sayen ta ba. M113 tana ɗaukar soja 11 ban da masu tuƙa ta, Stryker 9, BTR-80 kuwa 7. Casspir ta Afirka ta Kudu, wadda aka yi wa ciki mai tsini kamar ƙasan jirgin ruwa don ya watsar da ƙarfin nakiya gefe, tana ɗaukar 12, kuma daga irin ƙirarta ne Amurka ta ɗauko motocin da ta riƙa turawa Iraƙi da Afganistan daga 2007 da bama-baman gefen hanya suka addabe ta. Bataliyar nan tamu mai 600 za ta bukaci irin waɗannan sama da 50, kowace da nauyin da ƙaramar gada ba ta so, da tsayin da ke sa ta kife a gefen hanya mai zaftarewa, da kayan gyaran da ba a samu a ko'ina. Wanda ya riƙa kai kurata filin harbi da su kullum zai cinye rayuwarsu a aikin da bas zai yi, ranar da ake bukatarsu kuma rabi suna gareji. Amma inda ake binne nakiya ko ake kwanton ɓauna, maganar tsada ba ta taso ba, domin sauran ukun babu wadda za ta kare kowa. Ba a kuma iya sulke bodin mutum 80, nauyin ƙarfen kaɗai zai fi ƙarfin tayoyinsa.

Yadda nake ganin ya kamata a yanke shawara shi ne a bar takarda a fita a bi hanyar. Ba matsakaicin halin hanyar ne abin dubawa ba, mafi munin wurinta ne. Tafiyar kilomita 100 da 95 ɗinta kwalta ce, 5 ɗin ƙarshe yashi da mashigar rafi, ba hanyar tirela ba ce, sai fa idan an shirya sauke mutane a ƙarshen kwaltar wasu motoci su karɓa. A auna kwana mafi tsanani, a duba ko akwai filin juyawa a inda za a sauke, a tambayi abin da gada mafi rauni take ɗauka, a ga yadda wurin yake bayan ruwan sama ba da rani kawai ba. Sannan a tambayi masu tattara bayanan sirri tambaya ɗaya: an taɓa taɓa wani a wannan hanya? In amsar e ce, ko sau ɗaya, tirela da bas sun fita daga zance.

Idan kuwa zirga-zirgar ta cikin babban bariki ce, daga ɗakin kwana zuwa filin harbi ko daga tashar jirgi zuwa sansani, kullum hanya ɗaya, gajeriya, a hankali, mutane da yawa a lokaci ɗaya, ga ƙarancin direbobi, to nan ne gidan tirela, kuma babu dalilin jin kunyar amfani da ita. Haka idan fararen hula za a kwashe daga inda ambaliya ko girgizar ƙasa ta afka, matuƙar titi na nan. Bayan babbar motar soja ya kai ƙirjin mutum tsayi, tsoho da mai ciki da mai rauni ba sa hawansa sai an ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, alhali tirela mai daɓe a ƙasa taki biyu ne an shiga, har da keken guragu da gadon ɗaukar majiyyaci. A irin wannan aiki a sa ma'aikacin lafiya a ciki, kuma kada a tsayar da kowa.

Akwai wani amfani na tirela da nake ganin ya fi duk waɗannan, shi ne ta ɗauki kaya ta bar wa mutane mota. Ƙananan tirelolin soja masu taya biyu, irin M101 da M105 na Amurka ko tankin ruwa M149 mai cin lita kusan 1,500, idan aka saƙala su a bayan babbar mota aka zuba jakunkuna da akwatunan harsashi da ruwa, sai bayan motar ya koma na mutane zalla. Motar da da take ɗaukar 20 a takure ta ɗauki adadin kujerunta, babu akwatin da zai taso ya daki wani in an taka birki, in hanya ta ɓaci kuma a zare ƙugiya a bar tirelar a dawo mata daga baya. Su dai waɗannan ƙananan ba a hawa su ko da tafiyar minti biyar ce. Ba su da wurin riƙewa, suna tsalle, suna kifewa motar da ke jan su ba ta ma ji ba.

Wanda ya tsai da shawara a kan tirelar fasinja, musamman tsohuwa da wata runduna ta sallama, ya shiga ƙarƙashinta da tocila kafin ya sa hannu. Ya duba turken nan da ke shiga faranti, in ya cinye ko farantin da ke riƙe da shi ya lotsa ko ya tsage a bakin walda, ya bar ta, don rayukan duk na ciki a kan wannan ƙarfe suke rataye. Ya bi wuyan bodin inda daɓe ya sauko, nan tsatsa da tsagewa suka fi ɓuya. Ya karanta shekarar da ke jikin tayoyi, domin tirelar bariki takan tsufa a tsaye, zanen taya na nan kamar sabo amma robar ta bushe. Ya tabbatar wutar kan motar da ta bodin sun dace, tunda motocin soja galibi bolt 24 ne kuma soket ɗinsu dabam yake da na kasuwa. Sannan a haɗa ta, a cika tankin iska, a zare tiyon iska mai launin ja da gangan. Birkin bodin dole ya kama nan take da kansa, domin abin da zai yi ke nan ranar da ta tsinke a gangara. A mayar da tiyon, a bar birkin bodin a kame, direba ya sa giya ya ɗan ja gaba a ji ko kullin farantin ya riƙe. Daga nan mutum ɗaya ya shiga ciki a rufe shi, a tayar da inji, ya danna ƙararrawa a ga ko direba ya ji, ya kuma buɗe kowace ƙofa da hannu ɗaya ba tare da an taimake shi daga waje ba.